Daga Seme zuwa Salaga: Bahaushe, iyaka da takardar zama a Ghana

Daga Legas zuwa Accra ta mota bai kai kilomita 500 ba, amma a ɗan wannan tsakanin sai matafiyi ya ƙetare iyaka uku, ya riƙe kuɗi iri uku, ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Ta nan na bi. Daga Seme na shiga Benin, na wuce Kwatano, na fita ta Hillacondji zuwa Togo, na ratsa Lome na faɗa Aflao, garin iyakar Ghana. Daga can sai Accra, sai Kumasi, sannan tsohuwar hanyar fatake ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, na haye tafkin Volta na isa Salaga. Abin da ya kai ni shi ne in ga yadda mai jin Hausa yake zaune a Ghana yau, wanda aka haifa can da wanda ya zo jiya. Ƙasar ta yi suna wajen zaɓe da 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma ita ce dai ta taɓa ba baƙi mako biyu su tattara nasu ya nasu su fita.

Takardu biyu ne ba makawa sai da su. Na farko fasfo mai sauran wa'adi, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS. Na biyu katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, saboda haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya, a wurin jami'in lafiya na kan iyaka da shi da wanda bai yi ba duk ɗaya ne. Biza babu ita tsakaninmu. Yarjejeniyar da shugabannin ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. Sai dai damar tana rataye da hatimi. Kowace iyaka ana buga biyu, na fita da na shiga, shida ke nan a zuwa, shida a dawowa. Mai fasfon da shafukansa suka kusa cika ya sabunta tun a gida.

Inda mutanenmu suka fi shiga matsala shi ne miƙa fasfo ga ɗan kamasho ko yaron mota ya je ya gama komai, su suna zaune a kujera. Fasfon kan dawo da hatimin fita daga Togo babu na shiga Ghana, ko da kwanan watan da ba ya karantuwa. Wasu kuma 'yan acaɓa ke zagayawa da su ta bayan gari don gudun layi. A ranar an huta, amma a idon doka mutum ya shigo ta ɓarauniyar hanya, kuma akwai shingayen bincike a cikin ƙasa, irin na Sogakope kusa da gadar kogin Volta, inda ake duba takardun fasinja. Ka tsaya da ƙafarka gaban tebur, ka karɓi fasfonka da hannunka, ka karanta kwanan wata da yawan kwanakin da aka rubuta maka kafin ka matsa. Ka riƙe adireshi da lambar wayar mai masaukinka a rubuce, don ana tambaya. A wasu shingayen hanya za a nemi na goro, musamman in an ga fasfo sabo ne fil. Neman rasit cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba, shi ya fi raba gardama. Mai tafiya da motarsa zai ƙara da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci a kowace ƙasa. Sefar Benin da ta Togo guda ce, ita ce kuma ta Nijar. A Aflao a canza sidi kaɗan na mota da abinci, sauran a bari sai Accra.

'Yan'uwanmu na Nijar lamarinsu ya ɗan sauya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu masu tambarinta, su shiga ba biza, har sai an ji wata sanarwa. Wato abin da a da haƙƙinsu ne na yarjejeniya yanzu ya koma rangwame da ake iya janyewa. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ya tambayi halin da ake ciki kafin ya yanki tikiti.

A Aflao ake ganin aikin Turawa ƙuru-ƙuru. Lome, babban birnin Togo, ya zo ya tsaya cak a jikin ƙofar iyaka, ga teku a hannun hagu, ga kwakwa jere a bakin rairayi. Mata ɗauke da manyan robobi na burodi da kifi da atamfa suna shiga suna fita, harshen Ewe suke yi a wannan gefe da wancan, dangin juna ne. Ingila da Jamus ne suka ja layin da ya raba su a shekarun 1880. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ƙwace Togo daga hannun Jamus, bayansa Faransa ta ɗauki babban kaso, Ingila ta ɗauki na yamma, wanda aka yi wa ƙuri'ar raba gardama a 1956 ya haɗe da Ghana. A lokacin korona Ghana ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Maris na 2020 har Maris na 2022, masu neman abinci a ƙetaren layi suka ɗanɗana kuɗarsu. Najeriya ma ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kayan 'yan kasuwar Ghana suka maƙale a Seme, kuma ba a manta da wannan ba a kasuwannin Accra.

Daga Aflao zuwa Accra bai kai kilomita 200 ba, ƙananan motoci kan sauke mutum a Tudu. Da asuba a unguwar Nima, ana sallame salla sai layi gaban mai koko. Ta ɗebo shi da zafinsa, ƙamshin citta da kanumfari na tashi, ta haɗa maka da ƙosai, kuma kowace ƙabila a Accra Hausa koko take ce masa. Gefe ga mai wake da shinkafa tana buɗe tukunya, abincin ya yi ja saboda karan dafin da aka dafa shi da shi. Hausa ce harshen titi a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, amma da yawan masu yin ta asalinsu Dagomba ne, ko Mosi, ko Zabarmawa, Kotokoli, Wangarawa, Fulani, Yarbawa. Baƙo daga Kano zai ji kamar yana gida, kuma wannan jin ne ke sa wasu su manta da kwana 90 ɗin da ke cikin fasfonsu.

Hanya biyu ta kawo Hausa nan. Ɗaya goro ce, zan zo kanta a Salaga. Ɗaya kuma bindigar Turawa. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara Hausawa a Legas, akasari bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ya kafa rundunar da sojan Najeriya ke danganta asalinsa da ita. An kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa. A 1879 aka kafa wa Gold Coast, wato Ghana ta yau, tata rundunar a kan wannan tushe, Hausa ta zama harshen bariki, har ɗan Gurunshi ko ɗan Mosi da ya shiga soja Bahaushe ake ce masa. Tsofaffin sojan nan da malamai da mahauta da 'yan koli su suka kafa zangunan bakin teku. Malam Bako, ɗan Malam Nenu Bakatsine, ya kafa Sabon Zango a kan filin sarakunan Ga a wajejen 1910, Nima kuma ana danganta kafuwarta da Malam Amadu Futa a shekarun 1930.

A nan ne asalin rikicin yake. A zamanin Turawa mutumin Kano da na Kumasi tuta ɗaya ce a kansu, fam da sule ɗaya suke kashewa, babu mai tambayar Bahaushe fasfo in ya sauka a Sekondi ko Accra. Gwamnatin mulkin mallaka tana son 'yan ƙwadago a ma'adinan zinariya da gonakin koko, ta mai da arewacin ƙasar wurin ɗibar lebura, ta kuma buɗe hannu ga Mosi da Zabarmawa masu gudun aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke ba sai 1946. Amma ta ajiye su a matsayin baƙi, a unguwar baƙi, kowace ƙabila da sarkinta, filin kuma na 'yan gari. Babu wanda ya ba su takarda domin babu wanda ya nema. Ranar 6 ga Maris 1957 tuta ta sauya, tambayar wane ne ɗan ƙasa ta taso, aka iske dubban mutane da aka haifa a ƙasar ba su da abin nunawa. Ƙidayar 1960 ta nuna kusan kashi 12 cikin 100 na mutanen Ghana asalinsu daga waje ne. A ƙidayar 2021, cikin mutum miliyan 30.8, waɗanda ba 'yan ƙasa ba kusan kashi 1 ne kacal.

'Yancin da ake yabon Ghana da shi gaskiya ne, na gan shi. Ka shiga tasi da safe, gidajen rediyo na FM suna karanta kanun jaridu, masu sauraro suna bugo waya suna caccakar minista da sunansa cikin harshen Twi ko Turanci ko Hausa, direba na tofa nasa albarkacin. Kundin tsarin mulki na 1992 ya hana a nemi lasisi kafin kafa jarida. A 1993 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin zanga-zanga, dokar 1994 ta ce sanarwa kawai za a ba su a rubuce, kwana 5 kafin ranar. A 2001 gwamnatin Kufuor ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna da ta tunzura jama'a, dokokin da Turawa suka bari. Da irinsu aka gurfanar da Nnamdi Azikiwe a 1936, lokacin yana editan jarida a Accra, tare da Wallace-Johnson ɗan Saliyo. Azikiwe ya yi nasara a ɗaukaka ƙara, ya koma Legas a 1937. Mulki ya koma hannun 'yan adawa ta akwatin zaɓe a 2000 da 2008 da 2016 da 2024. A na ƙarshen, ɗan takarar jam'iyya mai mulki a lokacin, Mahamudu Bawumia, ya amsa shan kaye washegarin zaɓen 7 ga Disamba, tun kafin hukumar zaɓe ta bayyana sakamako.

Da sauran rina a kaba. Sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960, kan yaɗa labarin ƙarya mai tsorata jama'a, yana nan, kuma ana kama 'yan jarida da shi. 'Yan sanda kan garzaya kotu su karɓo umarnin hana zanga-zanga, kuma an kama mutane gommai a Accra a Satumbar 2023 da Satumbar 2024. An harbe ɗan jarida mai bincike Ahmed Hussein-Suale a Madina ranar 16 ga Janairun 2019. Baƙo kuma ya sani cewa zaɓe da ba jam'iyya gudummawa na ɗan ƙasa ne kaɗai, filin da zai saya haya ce da ba ta wuce shekara 50, kuma ministan cikin gida na da ikon korarsa. In ka ga taron siyasa, ka yi kallo daga nesa.

Wanda zai wuce kwana 90 ya je ofishin hukumar shige da fice tun wa'adin bai ƙare ba, da fasfo da hotuna da takardar da ke bayyana dalilin zamansa, ya nemi ƙarin lokaci ko izinin zama. Akwai kuma katin shaida na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, wanda ya wajaba a kan duk wanda ya tara kwana 90 a shekara. An daɗe ana karɓar dala 120 a karon farko, sannan akwai kuɗin sabuntawa kowace shekara. Ba shi ne izinin zama ba, amma sai da shi ake neman izinin, a buɗe asusun banki, a yi rajistar layin waya na dindindin. Wanda ya zarce wa'adi tara ce ke hawa kansa wata-wata, a filin jirgi ko kan iyaka za a ƙirga masa. A Mayun 2025 an yi samame a Accra aka kwashe mabarata sama da 2,000, akasarinsu 'yan Nijar, mata da yara, aka mayar da su gida.

Kumasi kusan kilomita 250 ce daga Accra, manyan bas na tashi daga Circle. Hanyar na bi ta gefen Nsawam, inda gidan yarin da ɗan adawa J. B. Danquah ya rasu a Fabrairun 1965 yake, a tsare ƙarƙashin dokar Nkrumah ta 1958 mai ba da ikon tsare mutum shekara 5 ba shari'a. A tsakiyar Kumasi akwai ganuwar jan dutse da Turawa suka gina bayan sun kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, yanzu gidan tarihin soja ce. A 1900 dakarun Asante ƙarƙashin Yaa Asantewaa suka yi mata ƙawanya, kuma sojan da ke ciki tare da gwamna Hodgson, da waɗanda suka zo ceto, akwai Hausawa da yawa. Bai kamata mu ɓoye wannan ba. Kakanninmu sun shigo Asante da Alƙur'ani da ciniki, wasunsu kuma da bindigar mai mulkin mallaka. Bayan yaƙin ne zango ya bunƙasa, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, koko ya kawo kuɗi, aka samu Aboabo da Asawase da Sawaba daga baya.

A wannan zangon aka fara gwada sabuwar dokar ɗan ƙasa. Musulmin zango sun kafa jam'iyyar MAP a 1954, ta haɗa kai da 'yan adawar Asante. Wata biyar bayan samun 'yanci gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar jagororinta biyu na Kumasi, Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Lardan. Suka je kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗan ƙasa. Shari'a na gudana majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu a Agustan 1957, ta kashe ƙarar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. A Disambar shekarar aka haramta duk jam'iyyar da ta ginu kan addini ko ƙabila ko yanki. A ganina daga nan aka koyi cewa kiran abokin hamayya baƙo ya fi kayar da shi a zaɓe sauƙi.

Babbar guguwar ta zo ranar 18 ga Nuwamban 1969. Farashin koko ya faɗi, an karya darajar sidi a 1967, aikin yi ya yi wuya, 'yan kasuwar gida na kuka da baƙi. Gwamnatin Kofi Busia, wata ɗaya da 'yan kwanaki da hawanta, ta ce duk baƙon da ba shi da izinin zama ya samo cikin kwana 14 ko ya fita. Samun izini sai da fasfo daga ofishin jakadancin ƙasarka, mutumin da ya zo da ƙafa tun zamanin Turawa kuwa bai taɓa riƙe fasfo ba, ɗansa da aka haifa a Aboabo bai san hanyar Katsina ba. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita cikin 'yan watanni, Yarbawa 'yan kasuwa, Hausawa, Zabarmawa, Mosi, 'yan Togo. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, an kwana a tashoshi da ofisoshin 'yan sanda ana jiran mota. Gonakin koko suka rasa lebura. A 1970 aka biyo da dokar keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa. Busia kansa soja suka kifar da shi ranar 13 ga Janairun 1972.

Ɗan Najeriya ba shi da bakin yin gori a kan wannan. Ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka kama hanyar gida. Iyakar Ghana a rufe take a lokacin, jama'a suka taru a Seme da bakin Lome suna jira, kuma shekarar ce ta fari da gobarar daji a ƙasar. Jakar nan mai zane-zane da ke kowane gida a nan ta samu sunanta na Ghana Must Go. Kusan shekara huɗu ke nan da sa hannu kan yarjejeniyar Dakar.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutanen zangon Kumasi da na zauna da su kakanninsu ne aka binne a maƙabartar Tafo, su ba raɓa ba ne, amma dokar jini take bi. Haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa. Kundin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aikinsa ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Dokar 2000 ta ce wanda aka haifa a ƙasar kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne idan a nan aka haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa. Da wannan ma'aunin yawancin tsofaffin gidajen zango 'yan Ghana ne tsantsa. Wahalar na wajen tabbatarwa. Wajen yin katin ɗan ƙasa ana yi wa mutum tambayoyi, a ce ina ne garinku na asali, kuma in ya ce Aboabo ko Nima akan ƙara tambaya, musamman mai sunan Hausa ko Fulani. Wanda ba shi da fasfo ko takardar haihuwa, ɗan'uwansa mai kati na iya rantsuwa ya tsaya masa, ko mutum biyu sanannu a gari. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, domin ba ta tabbatar da asalin iyaye. Don haka gidan da ke da tsohon fasfon kaka, ko littafin sallama daga soja, ko takardar gida, ko shaidar makaranta, ya adana su ya ɗauki hotonsu, a kuma tabbatar rubutun suna ɗaya ne a kowace takarda. Muhammadu a nan, Mohammed a can, Mahama a ta uku, ya isa ya dakatar da mutum watanni.

Abin da ya sauya tun 1992 shi ne zango na da ƙuri'a, kuma ana zawarcinta. Jam'iyyar NPP daga tsatson Busia ta fito, NDC ba ta gajiya da tuna wa mutane 1969 in zaɓe ya zo. NPP ta ɗauki Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, sannan Bawumia daga 2017 zuwa 2025, a 2017 ɗin kuma ta kafa asusun raya zanguna. A 2025 ɗan majalisa mai wakiltar Asawase, Muntaka Mubarak, ya zama ministan cikin gida, wato hukumar shige da fice tana ƙarƙashinsa. Babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, shugabannin kowace jam'iyya na zuwa gaishe shi a Fadama. Wannan kariya ce ta gaske, amma mai katin zaɓe take karewa.

Mai niyyar kasuwanci ya karanta dokar zuba jari ta 2013 kafin ya kama shago. Ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwa a kasuwa, da talla, da rumfa, da shagon aski ko gyaran gashi, da ruwan leda, da sayar da magani ɗai-ɗai, da hayar tasi in motocin ba su kai 25 ba. Baƙon da zai yi fatauci ta ce ya zuba dala miliyan 1 ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Kamfanin baƙo zalla dala 500,000, na haɗin gwiwa da ɗan ƙasa 200,000. Ba ta ware ɗan ECOWAS ba, kuma a kanta ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta sha garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame da Circle, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya je Accra a Satumbar 2020. Gwamnatin shugaba John Mahama ta yi maganar sassauta sharaɗin jarin, sai a duba inda aka kwana. Dabarar rubuta shago da sunan ɗan gari laifi ce a dokar, kuma ran da aka ɓata, mai suna a takarda shi ne mai shago.

Daga Kumasi na yi arewa ta Mampong. A Ejura, garin doya da masara mai babban zango, an kashe ɗan gwagwarmaya Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, a Yunin 2021. Matasa suka fito, aka turo soja, aka harbe biyu. An kafa kwamitin bincike da ya zauna a bainar jama'a ana watsawa kai tsaye. Daga nan kurmi ke janyewa, ana fara ganin garken shanu. Fulanin wannan yanki su suka fi kowa shan wuyar takarda, har waɗanda aka haifi kakanninsu a ƙasar, kuma rikicinsu da manoma a Agogo ya sa an sha tura jami'an tsaro su kore su da shanunsu.

A Yeji kwalta ke ƙarewa a bakin ruwa. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ce ta mai da kogin tafki. Jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa Makango ba ya yawan sahu, gara a isa da sassafe, a kuma yi shirin kwana in ya lalace. Akwai kwalekwale masu inji, sun fi sauri, sai dai ana cika musu kaya, kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, su ke fasa jirage. Kada a shiga bayan la'asar, kada a shiga ba rigar ruwa.

Salaga ita ce Gwanjar da kakanninmu ke faɗa. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, madugu a gaba, su ƙetare Kwara su bi ta Borgu, watanni a hanya, da kanwa da rinannun tufafi da fatu da dabbobi. Su koma da goron Asante a naɗe cikin ganye, ana buɗewa ana yayyafa ruwa ana cire mai tsutsa. An kuma sayar da mutane a kasuwar nan, da yawa. Rijiyoyin suna nan har yau a bayan gari, ƙananan ramuka da aka haƙa cikin marmara, kusa da juna, ciyawa ta rufe bakin wasu, kuma a cikinsu akwai waɗanda ake nuna wa baƙo a ce nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Faɗuwar Kumasi a 1874 ta yanke wa garin goro, yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanensa zuwa Yeji da Kintampo da Kete-Krachi da Kumasi da Accra. Cikin waɗanda suka tashi har da Malam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete-Krachi ya rasu can a 1934. Tsohon garin Kete yanzu yana ƙarƙashin tafki. Ingila da Jamus sun ajiye yankin Salaga da Yendi a matsayin na ba-kowa a 1888, suka raba shi a 1899, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi hannun Jamus, masarautar Dagomba ta rabu biyu har bayan yaƙin duniya.

Daga Salaga zuwa Tamale kimanin kilomita 120 ne, daga can hanya ta miƙe zuwa Bolgatanga da iyakar Paga. A taswira ita ce gajeriyar hanyar Yamai da Sakkwato, amma gabashin Burkina Faso, daga Fada N'Gourma zuwa iyakar Nijar, 'yan bindiga sun addabe shi, ban ba kowa shawarar bi ba. Gadar Malanville da Gaya ma an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutane suka koma hayewa da kwalekwale, sai an tambaya kafin a dogara da ita. Ni ta Kumasi na koma, na sake bin bakin teku. A Aflao a tabbatar an buga hatimin fita, domin in babu shi, a tafiya ta gaba lissafin kwanakin zai nuna kamar mutum bai taɓa barin ƙasar ba.